Harafin da Baba Ya Ƙara

Esch, 9 ga Maris, 1997

Yaya Idalina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baba. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar nan tawa da ta ƙi jin magani. Likita ya ce shekara ashirin da wani abu ina durƙushe ina shimfiɗa tayil a gidajen mutane, me nake so gwiwa ta yi mini, godiya? Kunnen hagu ma injin yankan tayil ya kusa cinye shi, shi ya sa takarda ta fi mini waya sauƙi. Uwargida Zulmira na gaishe ki, ta ce man zaitun ya iso, kwalba ɗaya ce ta fashe a hanya. Yarona Telmo ma yana gaisuwa. Ya gama koyon zane a kwamfuta, yanzu yana zaune a gida yana rage mana burodi. Yaya jikin Baba? Hannun ya fara motsi kuwa?

Ga labarin da na daɗe ina riƙewa. Bana za mu dawo gida, dawowa ta gaba ɗaya. Ba irin zuwan Agusta da muka saba ba, mu cika titi da mota, mu ci sadin, mu juya. Na gaji da sanyin Luxembourg, ƙasar mutane, Yaya. Ina so in tsufa inda in na yi tari a kan hanya wani zai ce Amândio ne.

Saboda haka na rubuta wa Fadan cocinmu na ce shagonmu ne zai yi wa kwamitin bikin São Lourenço riguna bana. Polo shuɗi mai duhu, mai maɓalli uku, rubutu fari a ƙirjin hagu. Ga zanen nan a cikin ambulan, Telmo ne ya yi shi. Na rubuta girman kowa a baya, har da tawa da ta Telmo da ta Baba, don mu yi hoto a ƙofar shago. Ki sayi masu kyau a Barcelos, kada ki tausaya wa aljihuna.

Na san wahalar da kike sha, ga injin buga rubutu a riguna ga Baba. Ki ƙara haƙuri kaɗan. Daga Agusta za ki huta, na yi miki alkawari.

Ƙanenki,
Amândio

Vilar do Souto, 2 ga Afrilu, 1997

Amândio,

Na sami takardarka, na karanta wa Baba ita sau biyu saboda ya ce ta farko na yi sauri. Muna lafiya. Ruwa ya yi yawa bana, kabejin bayan gida duk ya kwanta. Ka gaishe da Zulmira, ka ce mata kwalbar da ta fashe ita ce mai kyau. Gwiwa kuwa, ka bar ta ta yi ƙorafinta, tawa kafaɗar tun bara take yi ban kula ta ba.

Hannun Baba bai motsa ba kuma ba zai motsa ba, ka daina tambaya kamar wanda ya aika saƙo yana jiran amsa. Ɓarin dama ya tafi. Ido ma ya yi rauni, yanzu da yatsa yake karanta komai, hatta sunan da ke jikin kwalbar magani sai ya shafa. Amma kai yana nan, baki ma yana nan, sai dai ni kaɗai ke gane abin da yake faɗa. Kullum da safe ni ke sa masa riga in rufe masa maɓalli biyu na ƙasa. In hannuna ya kuskura ya kai na sama sai ya ture ni da hagunsa, ya ce, "Wa ya mutu?" Ka san shi. Tun shekarar nan da ya yi da wuya a rufe saboda rasuwar Mama bai ƙara yarda an taɓa maɓallin nan ba, ko sanyi zai kashe shi.

Na gaya masa za ka dawo. Can da rana na same shi ya sa an juya masa kujera tana fuskantar hanya. Na ce, "Baba, sai Agusta fa." Ya ce shi ma ai iska yake sha.

Yanzu zanen ɗanka. Ya yi kyau, ba laifi, kwamfuta ta iya daidaita layi. Amma ku biyun Faransanci ya cinye muku harshen uwa. Kun rubuta VILAÇA & FILHO, Vilaça da ɗa guda. Ina S ɗin ƙarshe da ke mai da shi 'ya'ya? Telmo ban ga laifinsa ba, a can aka haife shi. Kai kuwa a ƙarƙashin allon nan ka yi rarrafe. Ko ka manta labarinsa? Ranar da aka haife ka Baba ya sa aka rubuta FILHO, ni ina tsaye da shekara shida a duniya ba wanda ya ƙirga ni. Sai da na bar makaranta na zauna a keken ɗinki ina yi wa ƙungiyoyin ƙwallo baji, sannan wata Asabar ya ɗauko tsani da ragowar fenti ya matse S a ƙarshe. A karkace yake har yau, korensa ma bai yi daidai da sauran ba. Custódio mai aski ya leƙo ya ce, "Serafim, yanzu mace ma a allo ake sa ta?" Baba ko juyowa bai yi ba, ya ce, "Wadda ke buɗe ƙofa da safe ana sa ta." Zan yanka S ɗin da hannuna in ƙara, ba sai ka sake aiko da zane ba.

Mantuwa ta biyu, duk rigunan da ka lissafa na maza ne. Babu ko ɗaya mai maɓalli a hagu. Wato a hoton naku ni da bujen aiki zan tsaya? Na ƙara wa kaina guda, a aljihunka.

Batun hutu kuwa, Amândio, sai da na zauna da na karanta. Ban san na gaji haka ba sai da na ga kalmar a rubuce. Rabona da in kwana a wani wuri ban da gidan nan tun kafin Baba ya faɗi. Ina so in je bakin teku a Póvoa, in zauna a yashi da takalmi a hannu, in ci abincin da ba ni na dafa ba. Mako biyu ya ishe ni. Ka riƙe Baba, Telmo ya riƙe ƙofar shago, Bajamushiyar nan taka kuma, wato injin, a bar ta ta huce har in dawo. Tun da ka kawo ta daga Jamus ba ta taɓa sanyi kwana biyu a jere ba, ni ma haka.

Kada ka kira waya a kan wannan. A falo take, kusa da kujerar Baba, kuma kunnensa ba irin naka ba ne.

Yayarka,
Idalina

Vilar do Souto, 11 ga Mayu, 1997

Amândio,

Ina fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru. Mu muna nan. Baba ya yi mura ta wuce. Kafaɗata ta kai ni asibitin Barcelos, likita ya ce hannun injin ne, in rage ja. Na ce masa ƙanena na dawowa, zan huta. Ya ce madalla da ƙane.

Tun da ban ji daga gare ka ba na ɗauka ba ka da gyara, na buga rigunan. Gara yanzu, kafin 'yan makaranta da masu gidajen abinci su rufe ni da aikin bazara. Ka san polo ba ta son gaggawa. In ka shimfiɗa ta a farantin inji yadda ake shimfiɗa riga mara wuya, maɓallan ne za su tokare murfin, haruffa su kama a wani gefe su ƙi a wani, ko maɓalli ya narke ya bar tambarinsa a bayan riga. Sai na zame tsagar wuyan waje, na cusa ɗan matashi a ƙarƙashin ƙirjin, sannan in ja hannu. Kowace riga haka. S ɗin kuma na yanka su ɗaya ɗaya da almakashi, na jera su da ido. Ba wanda zai ce ba kwamfuta ce ta yi ba. Na so in ɗan karkata su irin na allo, sai na ce kada in ba ɗanka haushi.

Ta Baba na fara bugawa. Girman da ka rubuta masa na Baban da ka sani ne, mutum biyu irinsa na yanzu za su shiga ciki, don haka na sayo ƙarama. Na sa masa tana da ɗumin inji. Ya bi haruffan da yatsa tun daga V, a hankali, da ya kai ƙarshe ya tsaya a kan S yana dannawa. Ya ce, "Wannan ya miƙe." Na ce zamani ya canja. Ya yi dariyarsa ta gefe guda. Yanzu ya ƙi kowace riga sai ita, sai na wanke da yamma in shanya a bayan murhu.

Na rubuta wa Arminda 'yar Kawu Belmiro a Póvoa, ta ce ɗakin ɗanta na nan a rabin Agusta na biyu, tagarsa tana kallon teku in mutum ya miƙa wuya. Na sayi hula mai faɗi a kasuwar Alhamis. Matan layinmu duk sun sani, har Dona Palmira ta ce kada in dawo da miji. Na ce in na samu mai iya rufe maɓallinsa da kansa zan duba.

Ka rubuto, ko layi biyu ne.

Idalina

Esch, 8 ga Mayu, 1997

Yaya Idalina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yafe mini jinkiri, an yi mini allura a gwiwa na kwanta, sannan ga hidimar sayar da kayan gida. Yanzu da sauƙi. Zulmira da Telmo lafiya. Na ji daɗin labarin kujerar Baba, ki ce masa ya ci gaba da shan iska.

Takardarki ta Afrilu na karanta ta ya fi sau nawa, na rasa ta inda zan fara. Ina fatan ba ki taɓa rigunan ba tukuna. Yaya, ba mantuwa ba ce. FILHO muke nufi, ba S. Ki fahimce ni da kyau kafin ki yi fushi. Ba allon Baba na gyara ba, sabon suna ne. Vilaça ɗin ni ne yanzu, ɗan kuma Telmo. Allon nan ya tsufa, katakon ya ruɓe, za mu sa sabo mai fitila.

Kin san lokacin da Baba ya raba mana abin da ke akwai bayan rasuwar Mama, garejin da shago ke ciki da inji a rabona suka faɗo, ke kika ɗauki gonar inabi ta bayan coci. Ke da bakinki kika ce wane rabo tsakaninki da ƙanenki. Ban taɓa tayar da maganar ba duk shekarun nan saboda ina nesa kuma kina riƙe da wurin da kyau, kowa ya shaida. Amma yanzu ina da saurayi a zaune ba aiki, gwiwata kuma ta gama da tayil. In ban kafa yaron nan a kan wani abu ba zai koma Luxembourg cikin wata uku, Zulmira kuma ta bi shi, na san ta. Shagon ba zai ɗauki mutum uku ba. Telmo yana da dabaru, zai kawo kwamfuta da injin yanka, aikin da kike yi da almakashi yini guda zai yi shi kafin kofi ya huce.

Da na ce za ki huta, abin da nake nufi ke nan. Ki ajiye hannun injin nan da ke cin kafaɗarki, ki zauna a sama da Baba, tun da ke kaɗai ke gane maganarsa. Ba abin da za ki rasa, ci da sha da komai a wuyana. Ban san teku kika fahimta ba. Póvoa ba ta gudu, za mu kai ki wata Lahadi da mota mu dawo da yamma. Mako biyu kam a lokacin biki da buɗe sabon shago, wa zai riƙe Baba? Zulmira ba ta iya jinya ba, ke ma kin sani.

Na faɗa miki a takarda ne don kada ki ji a bakin mutane. Ki duba da idon rahama.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Amândio

Vilar do Souto, 25 ga Mayu, 1997

Amândio,

Muna lafiya. Baba lafiya. Na gode da ka tambayi kafaɗata, ko da yake sai da ta yi maka amfani ka tuna da ita.

Takardunmu sun yi saɓani a hanya. Tawa ta tafi tana ba ka labarin hula, taka tana tahowa da wannan. Da na san jirgi ɗaya za su iya haɗuwa a ciki da na roƙi tawa ta juyo, ko don kunya. Na karanta taka a tsaye a bakin inji, riga na ciki, har na manta da ita. Rigar wani mai gidan abinci ce a Esposende, ta ƙone. Rabona da ƙona riga tun shekarar da ka kawo Bajamushiya.

To na gane yanzu. Ni ce ban iya karatu ba. Na ga "huta" na ɗauka irin hutun da mutane ke yi ne, ashe irin na tsohuwar keken ɗinkin Mama ne da muka tura ƙarƙashin bene muka rufa mata zane. Kuma hutun nawa shi ne ɗaga Baba, wanke Baba, juya Baba, abin da nake yi tun da can, sai dai yanzu ba inda zan sauko in yi awa biyu ina jin ni ma wani abu ce ban da hannun jinya. Shagon nan ne kaɗai wurin da ake shigowa a ce "Dona Idalina, me kika gani?" a jira amsata.

Gaskiya ne na ce wane rabo tsakanina da ƙanena. Na faɗa. A raina ina nufin ba abin da zai raba mu. Ashe kai ma ka iya karanta magana yadda ta yi maka.

Abin da ya fi ci mini rai ba nawa ba ne. Ni ka cire harafi ɗaya ka gama da ni. Amma Vilaça ɗin da ke gaba ma ka canja shi ba tare da ka taɓa ko harafi ba, mutumin kuma yana sama a kujera yana kallon hanya saboda kai. Wannan dabara ta kwamfuta ce ko taka?

Rigunan an buga su duka da S, suna cikin kwali. Ka gaya mini abin da kake so a yi da su, tun da na ga kai ne mai shago. Tambaya ɗaya nake so ka amsa mini ba kwana-kwana: akwai wurina a garejin nan bayan Agusta, ko babu?

Idalina

Esch, 15 ga Yuni, 1997

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fatan zuciya ta ɗan sauka. Mu lafiya, kaya sun fara shiga kwali, babbar mota za ta taso ƙarshen Yuli. Ki gaishe da Baba.

Takardarki ta yi mini zafi, Zulmira ma ta yi kuka. Kina magana kamar na zo da 'yan sanda. Ni ma fa ban yi shekarun nan ina rawa ba. Kina cikin gidanku, kina jin ƙararrawar cocinku, ni ina banɗakin wasu a durƙushe ana kirana "kai Bafotuge" ba a ma san sunana ba. Wa ya sayi injin? Wa ya zuba rufin garejin? Ban taɓa gori ba, yau ma ba gori nake yi ba, amma kada a mai da ni ɓarawo a gidan ubana.

Kin ce in amsa ba kwana-kwana. To, a farkon nan babu. Telmo ba zai koyi tsayuwa da ƙafarsa ba in kina tsaye a kansa, kin san halinki, ba kya iya ganin layi a karkace ki yi shiru. Masu kawo aiki kuma ke za su riƙa nema, shi ya zama ɗan aike. Ki nuna masa yadda ake yi da maɓallan nan na mako ɗaya, shi ke nan. In abubuwa sun zauna, lokacin Kirsimeti da aiki ke yawa, sai mu gani.

Rigunan kuwa, ba sai an yi asararsu ba. Telmo ya ce in aka sake ɗumama harafi yana ɓarewa, abu ne mai sauƙi. Ki cire S ɗin kawai. Duka, har da ta Baba, don kada hoto ya fito iri biyu mutane su sami abin faɗa. Baba ba ya gani sosai, ba zai lura ba, kuma don Allah kada ki gaya masa komai, ni zan yi masa bayani a hankali in na zo. Taki rigar ki bar ta yadda take in kina so, ki sa a gida.

Jini ɗaya muke, Yaya. Wannan duk zai wuce, wata rana mu yi dariyarsa.

Amândio

Vilar do Souto, 20 ga Yuli, 1997

Amândio,

Gaisuwa. Zafi ya sauka sosai, inabi ya yi kyau. Ni lafiya. Na rubuta wa Arminda ta ba wani ɗakin, hular kuma na ba Dona Palmira, ta fi ni bukatarta a gona. Labarin jikin Baba yana ƙasa, ka karanta har ƙarshe.

Na yi abin da mai shago ya ce. Ka gaya wa Telmo ya yi gaskiya, harafi yana ɓarewa. A ɗumama shi, a kama gefensa da matsefata tun yana da zafi, a ja. Abin da kwamfuta ba ta gaya masa ba shi ne gam ɗin ba ya fita. Ya riga ya shiga cikin zaren. Na goge da abin da na sani duka, amma a shuɗi mai duhu wurin yana nan yana ɗan ƙyalli. A cikin inuwa ba a gani. In mutum ya fita rana ya ɗan juya, S ɗin zai fito sarai. Ka sa mai hoto ya tsayar da ku a ƙarƙashin rumfa.

Kwana biyu na yi ina wannan aikin. Ban yi kuka ba, in kana son sani, sai dai na tsani kowace riga da na ɗora a farantin nan, kuma na tsane ka a kan kowace ɗaya. Gara in faɗa maka da in bar shi a ciki. Mabuɗin gareji yana rataye a ƙusan bayan ƙofar kicin. Matashin da ake sawa a ƙarƙashin ƙirji yana kan inji. Makon koyarwa da ka ce, ba zan yi ba. Abin da zan gaya wa ɗanka layi ɗaya ne, kada ya matse maɓalli, sauran zai koya a kan rigunan mutane yadda na koya.

Ta Baba na bari ƙarshe. Na ɗauke ta ranar Laraba da sunan wanki, na sauka da ita, na cire, na mayar bayan murhu. Ka ce ba ya gani, ba zai lura ba. Ka manta na gaya maka da yatsa yake karatu.

Da safe na sa masa, na rufe na ƙasa, na rufe na tsakiya. Ina tsugune ina sa masa takalmi ya fara bin haruffan kamar kullum. Can na ɗago. Yatsan yana kan wurin, yana kai da komowa a kan busasshen gam. Ya koma V ya sake farawa. Ya sake isowa wurin.

Ya ce, "An cire."

Na ce, "Wanki ne, Baba, ya ɓare."

Ya ce, "Naki ba ya ɓarewa."

Ya daɗe yana kallon inda nake. Ka san a garin nan yaushe ake goge S a allon shago, ka ga an yi wa na Custódio lokacin da babur ya kashe ƙaraminsa. Baba ma bai manta ba. Ya kama hannuna da hagunsa ya matse, kamar yana tabbatar da ina nan. Sannan ya juya fuska wajen hanya.

Ya ce, "Amândio ne? Shi ya sa ba ya kiran waya?"

 Ya ce tun yaushe, ya ce gwiwar ce ko mota, ya ce me ya sa na ɓoye masa kamar yaro. Hawaye na zuba ta idon da ke aiki. Can ya sake shafa rubutun, ya tsaya a kan O, ya ce da muryar nan tasa ta gyaran aiki, "To ai kin yi kuskure, 'yata. In ke kaɗai kika rage, FILHA za ki sa, 'ya mace. Ki canja wannan."

Na buɗe baki in ce masa kana raye, kana cusa kujeru a kwali. Wallahi na buɗe. To daga nan in ce masa me? Zai tambaye ni wa aka cire, in ba kai ba. Ka ce kada in gaya masa komai, kai za ka yi bayani a hankali. Na bi umarnin mai shago.

Ya sa na juya kujerar ta bar kallon hanya. Sannan ya ɗaga haɓa ya nuna mini wuyansa. Na yi kamar ban gane ba. Ya kama maɓallin sama da hannu ɗaya yana ta kokawa da shi, ya kasa, ya sake, ya kasa, har sai da na kasa kallo na rufe masa. Tun ranar haka yake zaune cikin zafin nan, wuya a rufe. Yana cin abinci kaɗan. Jiya ya ce in je wurin Fada a sa sunanka a addu'ar Lahadi, na ce masa zan je.

Babbar motarka za ta taso ƙarshen wata, wannan takardar za ta riga ta isa. Kada ka kira waya, a gefensa take, ban san abin da muryarka za ta yi wa zuciyarsa ba. Ka zo da kanka, ka sa sabuwar rigarka, ka hau sama ka tsaya inda hannunsa zai kai ƙirjinka. Maɓallin nan ni ba zan buɗe shi ba. Kai za ka buɗe masa, sannan ka gaya masa da bakinka wanne ne ya mutu a cikinmu.

Idalina